Wa Zai Sayi Harsashin?

A watan Mayun 2019 mutanen ƙasar Batsari suka yi abin da Katsinawa ba su saba gani ba. 'Yan bindiga sun faɗa wa manoman 'Yar Gamji suna bakin aiki a gonakinsu, suka kashe mutum 18. Addini da al'ada sun ce a gaggauta suturta mamaci, amma dangin waɗannan bayin Allah suka ɗebi gawarwakin a mota, suka nufi birnin Katsina da su, har ƙofar fadar Sarki, domin masu mulki su gani da idonsu. Babu wanda ya yi wannan tafiya don neman lasisin bindiga. Bashi suka je karɓa. Sun biya haraji, sun kaɗa ƙuri'a, sun yi biyayya, suka zo tambayar ina tsaron da aka ce za a ba su a madadi.

Bashin bai biyu ba. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, aka ƙone gidaje da rumbuna. Da damina ta sauka aka koma 'Yar Gamji, aka sake kashe manoma 15. A watan Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Sai a watan Agustan 2021 amsa ta fito daga bakin Gwamna Aminu Bello Masari a Jibiya, inda ya yi kira ga jama'a da su nemi bindigogi su kare kansu, ya kuma maimaita kiran kafin shekarar ta ƙare. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautunta 19. Tun daga lokacin maganar ta zama karatun kowa, a majalisar shayi da gidan rediyo da Facebook: a ba kowa bindiga, a ga ƙaryar ɓarawo.

Ba na raina waɗanda suka yi wa wannan kira tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da ya kwana a kan bishiya yana jin kukan matarsa ana jan ta zuwa dajin Rugu ba ya buƙatar wani ɗan boko ya koya masa darajar haƙuri. Malamai sun karantar da mu cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada, dokar ƙasa ma ta yarda mutum ya kare ransa. Mutanen wannan yanki kuwa ba jikokin ragwaye ba ne. Ƙasar Ruma ce, bakin daga a ƙarni na 19, inda har yau ake ambaton sunan Ɗanwaire in ana zancen mazan jiya. Duk da haka ina cewa wannan kira zamba ce cikin aminci. Wanda ya ci ladan kuturu ne ya miƙa wa kuturun aska, ya ce ya yi wa kansa aski.

A fara da abin da gwamna ya sani sarai lokacin da yake magana. Makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Dokar bindigogi ta 1959, wadda aka rubuta shekara guda kafin samun 'yancin kai, ta kasa bindiga gida uku. Bindigogin yaƙi irin su AK-47 da ƙananan bindigogin aljihu, shugaban ƙasa ne kawai ke da ikon ba da izininsu. Bindigar farauta mai cin harsashi, izininta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Abin da aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda masu hikima suka raɗa wa suna harba-ka-ruga. Babu inda sunan gwamna ya fito a matsayin mai ba da lasisin bindigar da za ta iya tsayawa gaban ta ɗan ta'adda. Shi ya sa da Zamfara ta yi shelarta, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

To, manomin Runka ko na Wagini da ya ɗauki maganar gwamna da gaske, ina zai nufa? Babu kantin bindiga a Safana, babu a Dutsin-Ma, babu a Katsina. Kasuwa ɗaya ce, ta bayan fage, wadda kayanta ke gangarowa ta hamada tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, su ratsa ƙasar Nijar, su shigo ta ɓarauniyar hanya a iyakar Jibiya da makamantanta. Dillalin da zai sayar masa shi ne dillalin da ke sayar wa mutanen daji. Kuɗin da ya tara don kare 'ya'yansa su ne jarin da za a saro wa makasansa sabon kaya. In ya yi sa'a ya saya, ya ɗauko ta a cikin buhun gero, aka tare shi a shingen bincike, babu alƙalin da zai karɓi jawabin Jibiya a matsayin lasisi. Shi ke tafiya gidan yari, mai jawabin yana gidansa da 'yan sanda a ƙofa.

Sannan ga tambayar da masu tafi ba sa son ji: wa zai sayi harsashin? Bindigar ɗan ta'adda sana'a ce, ita ke ciyar da kanta. Kowane mutum da ya sace, kowane garke da ya kora, kowane harajin girbi da ya ɗora wa ƙauye, yana komawa harsashi da mai da sabon mashin. Bindigar manomi kuwa baki ce da aka ƙara a gida, ci kawai take yi. Sai ya sayar da shanun huɗa kafin ya mallake ta, ya sayar da hatsi kafin ya cika ta, alhali gonar da ke ba da hatsin ya shekara bai taka ta ba. Gasa tsakanin mai samun riba da harbi da mai yin asara da harbi, ƙarshenta sananne ne. Waɗanda za su iya jure wannan tsada su ne attajiri da ɗan siyasa, kuma duk wanda ya ga yadda ake amfani da gora da adda ranar zaɓe a ƙasar nan ya san abin da ɗan siyasa zai yi da matasa hamsin masu bindiga da lasisi a aljihu.

Za a ce ai akwai garuruwan da suka tashi tsaye suka kori ɓarayi. Akwai, kuma sun cancanci jinjina. Sai dai a bi labarin har ƙarshensa. Ɓarawon da ya sha wuta a wannan gari ba tuba yake yi ba, yakan karkata zuwa ƙauyen da ke gaba, wanda talauci ya hana shi sayen ko da bindiga ɗaya. Tsaro ya zama haja ke nan, mai kuɗi ya saya, maras shi ya karɓi rabon biyu. Ko kuma ya koma daji ya gayyato 'yan uwansa. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe mutane da dama, gwamnatin jiha da kanta ta ce ramuwa ce, domin kwanaki kaɗan kafin nan mutanen garin sun yi wa ɓarayin kwanton ɓauna sun kashe wasu. Jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba. Sun yi daidai abin da aka ce su yi, suka ci nasarar rana ɗaya, aka bar su su kaɗai da daren da ya biyo baya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake magana kamar ba a taɓa gwada wannan magani ba. An gwada, sunansa 'yan sa-kai. Da satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara da yammacin Katsina, hukuma ta yi ko oho, matasa suka ɗauki bindigogin maƙera suka ce za su yi maganin ɓarayi. Da yawansu da kyakkyawar niyya suka fito, wasunsu sun ba da rayukansu. Amma bindigar da ba ta da mai tambayar ta ba ta daɗewa tana bambance ɓarawo da mai kama da ɓarawo. Aka wayi gari Bafulatani ya zo cin kasuwa da ɗan akuyarsa, a kama shi, a yanke masa hukunci a gefen kasuwa ba shaida ba alƙali. Ɗansa da ya ga haka ya san kotu ba za ta bi masa kadi ba, ya san kuma inda ake ba da bindiga kyauta ga mai son ramuwa. Ta haka fashi ya rikiɗe ya zama gaba tsakanin mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna musayar nono da hatsi, suna auratayya, suna sallah sahu ɗaya. A watan Afrilun 2014 aka kai hari kan taron 'yan banga a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru, aka kashe sama da mutum 100. A watan Agustan 2019 gwamnonin arewa maso yamma suka zauna a nan Katsina suka haramta ayyukan 'yan sa-kai. Abin da aka haramta a 2019 shi aka dawo ana wa'azinsa a 2021, an canja masa riga kawai.

Wasu 'yan boko sukan kawo misalin Amurka, inda gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami tun 1791. Su ƙarasa karatun mana. Ƙasa ce da bindigogin da ke hannun farar hula suka fi mutanenta yawa, kuma a 2021 kaɗai harsashi ya ci rayuka sama da 48,000, fiye da rabinsu mutanen da suka kashe kansu ne. Wannan a inda ake da kotu mai aiki da asibiti mai jini da ɗan sanda mai amsa waya. A kawo irin wannan yalwa cikin rikicin iyakar gona da rabon gado da kishi da ƙwaya, a ƙasar da motar asibiti ba ta shiga bayan la'asar.

Kada masu zaman Abuja su ɗauka na zo wanke su ne. Su ne ma suka fi kowa rashin bakin magana. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, kuma sharaɗin hana talaka makami shi ne hukuma ta tsaya masa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya nuna bindigogi 178,459 na 'yan sanda da aka kasa faɗin inda suke, 88,078 daga cikinsu ƙirar AK-47. A 2021 Janar Abdulsalami Abubakar ya ce makamai kusan miliyan shida ne ke yawo a hannun mutane a Najeriya. Mun ga hoton gwamna a zaman sulhun 2019 tsaye kusa da ɗan daji rataye da bindiga, mun sake ganin irinsa a zaman sulhun da aka yi a ƙananan hukumomin yankin nan a 2025, mutanen daji sun zo da makamansu sun koma da mafi yawansu. Dokar da ke kama maƙeri da manomi ta kuma yi wa mai jigidar harsasai shimfiɗa a inuwa ta zubar da mutuncinta da hannunta. Wanda ke kiran a hana bindiga ba tare da ya ce uffan kan wannan ba, so yake a ɗaure akuya a saki kura.

Bindiga ta riga ta shigo Batsari da Safana, musun a shigo da ita ko kada a shigo da ita ihu ne bayan hari. Abin da ya rage a yi faɗa a kansa shi ne sunan wa ke rubuce a jikinta, wa ke ƙirga harsashinta, wa ke amsa tambaya in ta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, da matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, ciki har da Batsari da Safana. Wannan hanya ta fi kama da hankali, domin ɗan gari ne da ya san kowace burtali, yana da albashi, yana da shugaba, yana da lamba. Sai dai a raba wannan adadi a kan ƙauyukan ƙananan hukumomi takwas a ga nawa kowanne zai samu. Kuma kaki ba ya wanke zuciya. Burkina Faso ta ba farar hula 'yan sa-kai makamai bisa doka tun 2020, ƙorafin kisan Fulani da ake yi a kansu bai tsaya ba har yau.

Don haka ga abin da nake nema, da sunan waɗanda suka ɗauko gawarwakin 'Yar Gamji. Majalisar tarayya ta gyara dokar 1959, ta ba rundunonin jihohi izinin riƙe makamin da ya dace da na abokin gaba, bisa sharuɗɗa masu tsauri. Bindigar ta zama ta hukuma, da kuɗin hukuma, harsashinta ma haka, kada a sake cewa manomi ya sayar da sa. A ajiye rajista a ofishin 'yan sanda, kwafinta a hannun Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, mai ɗauke da lambar kowace bindiga da sunan wanda ya karɓe ta da yamma da adadin harsasan da ya dawo da su da safe. A ɗauki 'ya'yan Fulanin da ke zaune lafiya a cikin rundunar, su ma an kore musu shanu, su ma an sace musu mata. Wanda ya kashe mutum a kasuwa kuwa, ɗan sa-kai ne ko mai kaki, a gurfanar da shi a babbar kotun jiha, a karanta hukuncin a rediyo da Hausa da Fulatanci.