SOLA GONA CE, BATIR KUWA RUMBU

Duk wanda ya zaga Sabon Gari a Kano, ko Sabon Tasha a Kaduna, ko Bukuru a Jos, ya ɗaga kai sama, zai ga baƙaƙen faranta sun yi sahu a kan rufin gidaje da shaguna, har da majami'u da masallatai. Abin da a da sai gidan mai hali, yau ya shiga lissafin malamin makaranta da tela. Amma kafin iyalai da kwamitocin ekklesiya su zuba guminsu a ciki, ya kamata a zauna a duba inda kuɗin ke tafiya.

Abin da ya tura jama'a ga sola ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayu, 1999 muka koma mulkin farar hula da alkawarin wuta, aka sauya sunan NEPA a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, duk da haka duhu bai kau ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, janareto ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A watan Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin wutar 'yan rukunin Band A fiye da sau uku. Sannan a watan Oktoba na wannan shekara ta 2024, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurdi kuma ya samu matsala. Har fadar Shugaban Ƙasa ma an ware mata Naira miliyan dubu 10 a 2025 domin sola. In mai ɗaki ya fara gudun ɗakinsa, ai baƙo ba ya jiran a ce masa ya tashi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Farantin sola ba ya ajiye wuta. Yana ba da ita ne muddin rana na dukansa, alhali iyali sun fi bukatarta bayan faɗuwar rana, lokacin da yara za su yi karatu, zafi kuma ya hana barci. Faranti gona ne, batir shi ne rumbu. Mun san abin da ya ceci Masar a zamanin Yusufu ba yawan amfanin shekarun ƙoshi kaɗai ba ne, tanadin da aka yi ne. Farantin kirki yakan yi shekara 25 yana aiki, amma batir ba haka yake ba, kuma shi ne yakan lashe kaso mafi tsoka na kuɗin.

Batura iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, wato mai ruwa da danginsa, wanda ya fi araha a ranar saye. Sharaɗinsa shi ne kada a sha fiye da rabin abin da ke cikinsa. In ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, wanda ya kamata ya yi shekara 3 ko 4 ba lalle ya ga shekara ta biyu ba. Zafi ma abokin gabansa ne, domin an auna ƙarfinsa ne a kan awon zafi 25, kuma ƙarin awo 10 a kan haka yakan rage kwanansa da kusan rabi. Mai karatu ya tuna da ɗakin kwano a Yola ko Sakkwato cikin watan Afrilu. Akwai kuma na litiyam, mai tsada a farko, amma ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, mai kyau kuma yakan kai shekara 10. Ke nan wanda ya sayi na dalma zai iya komawa kasuwa sau uku kafin maƙwabcinsa ya koma sau ɗaya. Araha ba ta ado.

Bari mu yi lissafi a fili. Batirin dalma mai bolt 12 da amfa 200, wanda aka fi sani, yana ɗaukar wat 2,400 na awa guda, wato 1,200 ne rabonka. A ce gida na da ƙwan fitila 6 masu wat 10 na awa 5, wannan 300 ke nan. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8, 960. Talabijin mai wat 60 na awa 4, 240. Jimla 1,500, ba a ma sa cajin waya ba. Ashe batir ɗaya bai isa wannan ɗan gida ba, sai biyu. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, awa ɗaya tak zai kusan cinye rabon batir guda. Faranti mai wat 400, da kyakkyawar ranar awa 5 da Allah ya ba mu a Arewa, zai ba da kamar 1,500 bayan an cire abin da ke salwanta a hanya. Amma hadarin Agusta da hazon hunturu suna rage shi, don haka faranti biyu sun fi kwanciyar rai, a kuma riƙa share masu ƙura.

Darasin a nan shi ne, a fara da ƙidaya kayan wuta kafin a tambayi farashi, kamar yadda Ubangijinmu ya koyar game da mai son gina hasumiya. A mai da aiki mai nauyi zuwa rana tsaka: guga, famfon rijiyar burtsatse, daskarar da ƙanƙara a firji. A bar wa batir fitila da fanka. A ajiye shi inda iska ke shiga. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, kada kuma a yi rowar na'urar daidaita caji ko kaurin waya, gama siririyar waya tana iya jawo gobara.

Wannan magana ta shafi dattawan ekklesiya ƙwarai. Sau da yawa akan yi baiko na musamman, a kafa sola, a yi addu'ar keɓewa, a watse, ba wanda ya tuna cewa batir zai mutu. Bayan shekara biyu sai a ga faranta a sama, janareto na kuka a ƙasa, ana zargin juna. Kamata ya yi tun ranar farko ma'aji ya buɗe asusun canjin batir, a riƙa zuba kuɗin fetur ɗin da aka daina saye. Sujadar safe da yawancin tarurrukan zumuntar mata da rana ake yin su, saboda haka majami'a ba ta bukatar tarin batura irin na ɗakin shan magani, inda haihuwar dare da firjin allurar rigakafi ba sa jira. In kuɗi bai isa duka biyu ba, a fara da masu jinya.

Akwai kuma batun mataccen batir. Dalma guba ce. A 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara. Wannan gubar ce ke cikin batirin da masu gwangwan ke fasawa a bayan gida. A mayar da shi ga dillalin da zai karɓa, kada a bar yara su yi wasa da shi.

A ƙarshe, sola ba ta wanke gwamnati daga alhaki ba. Gwauruwar da ke fama da kuɗin makaranta ba ta da halin batir ko na dalma. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya kasuwar wutarsu, sai mu tambayi gwamnoninmu abin da suka yi da wannan iko, mu kuma nemi hukuma ta sa ido kan jabun kaya. Allah ya ba mu rana kyauta, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Ya kuma ba mu hikimar tanadinta. Amin.