Darasin NITEL Ga Ma'aikatanmu

Wanda duk ya yi wayo kafin shekarar 2001 a Mawashi, ko Kankiya, ko Kusada, ya san wahalar buga waya. Sai mutum ya yi tattaki zuwa babban gari, ya bi layi, wani sa'in kuma ya komo bai sami magana ba. A yau kuwa manomi yana bakin gonarsa zai tambayi farashin gero a kasuwar Dawanau ta Kano. Mu ke nan mun ci riba, amma ya kamata mu tuna da mutanen da wannan canji ya ritsa da su, watau ma'aikatan NITEL.

An kafa NITEL a 1985, sa'ad da aka haɗa sashen waya na P&T da kamfanin NET mai kula da wayar ƙasashen waje. Shi kaɗai ya ke cin karensa ba babbaka, ga injiniyoyi ƙwararru, amma har 2001 layukan da ke aiki a duk ƙasar nan ba su kai 500,000 ba. A wannan shekara MTN da Econet suka fara wayar salula, jama'a kuwa suka ɗunguma can. Aka danƙa NITEL ga Pentascope na ƙasar Holan a 2003, aka soke a 2005. Aka sayar wa Transcorp a 2006, aka karɓe a 2009. Daga bisani NATCOM ya saya a kan dala miliyan 252, aka miƙa masa a 2015. Cikin wannan ja-ni-in-ja-ka ma'aikata suka yi watanni ba albashi.

Mu a ganinmu ba rashin sani ne ya kashe kamfanin ba. Gidan da ba shi da abokin gasa shi kan manta da mai saye. Ƙaramin ma'aikaci ya ga gyara, amma kafin takardarsa ta haye tebur bakwai zamani ya wuce. Haka ya faru ga Kodak a Amurka: injiniyansu ne ya ƙera kyamara marar fim a 1975, manya suka ji tsoron kada ta kashe cinikin fim, ƙarshenta a 2012 kamfanin ya karye.

To, akawuna da malaman makaranta, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ofisoshinmu da yawa har yanzu suna tafiya bisa tsarin fayil da muka gada tun zamanin En'e. Muna roƙon shugabanni su saurari na ƙasa da su, su kuma tura su koyon aikin kwamfuta tun da sauran lokaci. Kai kuma ma'aikaci kada ka jira a tura ka, gama ran da gida ya rushe abin da ke kanka kaɗai za ka fita da shi. Allah ya sa mu gane.