Wa Zai Biya Matar Soja?

Daga Akawun Reshenmu na Lolo

Jama'a, kowace shekara ran 15 ga Janairu manyan ƙasar nan sukan taru a Abuja, a busa bigila, a ajiye furanni, a saki tattabaru, wai ana tunawa da 'yan mazan jiya. Madalla. Amma mu nan Lolo, a ƙasar Bagudo, bakin iyakar Benin, ba mu taɓa ganin tattabarar nan ta iso wa matar soja da ko mudun gero ba.

Abin da muke gani shi ne matan da ke zuwa ofishin reshenmu don a rubuta musu takardar koke. Akwai wata da aka ce mijinta, wani kofur, ya ɓace a daji yau shekara uku. Sau uku tana zuwa wani ofis a birni, kowane zuwa sai ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota, kowane zuwa kuwa a ce mata takardunsa ba su iso ba. Ba a ce ya mutu ba balle ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma. Alƙali yana neman shaida, shaidar kuwa tana hannun waɗanda suka tura shi. Ga ta nan zaune da 'ya'ya huɗu, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

To, ga maganarmu. Gwamnati mutum ɗaya take rubutawa ran da ta ɗauki kurtu, amma gida guda take ɗauka. Ran da saurayi ya sa kaki, gonar shinkafar tsohonsa a fadamar Kwara ta rasa hannu. Uwa ta daina barci. Yaro ya tashi bai san muryar ubansa ba sai ta waya. Shi soja yana da ranar sallama a takarda. Iyalinsa fa, wa ya rubuta tasu?

Wannan cuta tsohuwa ce. A yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, Turawa sun bi ta hannun sarakuna da hakimai suka kwashi samari daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato wanda Lolo ke cikinsa a lokacin. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma har dajin Bama suka kai. Da aka gama, kuɗin sallamar baƙar fata bai kai na Bature mai igiya ɗaya da shi ba. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Dahome ta dā, su ma ba su tsira ba. A 1959 Faransa ta daskare fanshon tsofaffin sojanta na Afirka, watau ba ƙari, sai a 2010 majalisar tsarin mulkinta ta ce wannan ya saɓa wa daidaito. Kafin nan galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, matansu sun tsufa cikin jira.

Mun ce Bature ne, ba ɗan'uwanmu ba ne. To, da mulki ya dawo hannunmu fa? A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 soja suka tashi daga wajen 10,000 suka kai wajen 250,000. Daga 1990 aka shiga tura su Laberiya, sa'an nan Saliyo. A 2008 waɗansu sojan da suka komo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka yi bore a Akure saboda an riƙe musu alawus, a 2009 aka yanke musu ɗaurin rai da rai kafin daga baya a sassauta. Mai neman haƙƙinsa shi ya fara ganin kurkuku. A Agusta 2018 soja suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, suna kukan sun shekara da shekaru a bakin daga ba a canja su ba. Daga Lolo zuwa can ya fi kilomita 1,000. Wane aure ne zai yi ƙwari haka? A Disamba 2024, da kuma Janairu 2025, tsofaffin soja masu furfura suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman abin da suke bi. Kaico! Ashe bayan fareti sai bara?

Wanda ya komo da ransa ma, ba duka yake komowa ba. Wani da dare sai ya zabura yana ihu, in an buga ƙofa ya nemi maɓoya. Abu kaɗan ya kai wa matarsa hannu, shi da dā ko ƙuda ba ya kashewa. Mutanen gari su ce iskoki ne, a yi ta rubutun sha. Likitoci sun san ciwon nan na firgitar yaƙi, yana kuwa da magani, amma sai an ɗauki mutum zuwa Birnin Kabi ko asibitin Kware kusa da Sakkwato. Kuɗin mota da na magani daga ɗakin matar za su fito, kwanonta da tasarta su tafi kasuwa, 'yarta ta bar makaranta ta ɗauki talla.

Mun san amsar masu mulki. Za su ce ba a tilasta wa kowa ba. I, babu ɗan doka da ya zo da igiya, amma wanda ya gama makaranta bai sami aiki ba, yunwa ce ta kai shi Zariya. Za su ce babu kuɗi. To, a 2015 Gwamnati da bakinta ta ce an karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, har ta kai mutane kotu. Kuɗin da ya isa a sace ai ya isa a ciyar da marayu.

Saboda haka muna kira a yi abu huɗu. Na ɗaya, a biya matar mamaci haƙƙinta kafin ta fita takaba. Na biyu, in soja ya ɓace a rubuta wa iyalinsa gaskiya cikin shekara guda, albashinsa kuwa kada a tsayar kafin nan. Na uku, duk wata takardar fansho ko ta gado a karɓe ta a Bagudo, a daina wahal da tsofaffi da zawarawa a hanya. Na huɗu, a yanka wa zaman bakin daga wa'adi, duk wanda ya komo likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi kyauta.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa, ran da masu neman ƙuri'a suka zo da gishiri da atamfa, ku kama hannunsu ku kai su gidan kofur ɗin nan. Su gaya wa matarsa, a gaban 'ya'yansa, inda takardunsa suka maƙale. Allah ya ji ƙan waɗanda suka faɗi, ya komo mana da na daji lafiya, amin.