Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Jama'a, akwai wata muguwar shawara da ake bai wa masu haɗa jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu a karon farko: wai "sayi batir mafi ƙarfi, sauran kaya za su bi." Mai faɗin haka ba shi zai biya kuɗin abin da ya ƙone ba.

Mu yi lissafi. Kowace ƙwayar batirin LiPo bolt 3.7 ce, 4S ya kama 14.8, 6S kuwa 22.2. Lambar KV da ke jikin moto ita ce juyinsa a minti ɗaya kan kowane bolt, in babu farfela. Moto mai KV 2400 a kan 4S zai nemi juyi 35,000. Ka ɗora masa 6S, ya haura 53,000. Da farfelar inci 5 zai zuƙi wuta fiye da kima, sai dai ka ji ƙauri. Shi ya sa masu 6S ke sauka zuwa KV 1700 ko 1900.

Daga moto da farfela ake farawa. In moto na jan amfiya 30, nemi ESC, wato mai sarrafa gudunsa, mai ɗaukar 40, ka kuma tabbatar yana jure bolt ɗin batirinka. Moto huɗu amfiya 120 ke nan. Batir mai 1500mAh da 100C zai ba da 150 a takarda, amma kamfanoni kan zuzuta lambar C, don haka bar rara.

Za su ce babban batir ya fi daɗewa a sama. To nauyinsa fa, wa zai ɗauka? Motocin nan dai, kuma da ƙarin wuta za su ɗauke shi.