Zaɓen Manhajar Kiɗan Ciptun: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'urar wasa mai suna Game Boy. Ƙwayar lantarkin da ke cikinta muryoyi huɗu kacal take iya fitarwa a lokaci guda: biyu masu kaifi kamar usur, ɗaya wadda makaɗi ke zana siffarta da kansa, ta huɗu kuwa ƙara ce zalla wadda ake mayarwa ganga. Kwamfutar Commodore 64 ta 1982 ma uku gare ta. Daga irin wannan ƙunci ne aka sami kiɗan da ake kira ciptun, wanda a yau matasa ke haɗawa a kan kwamfutar hannu.

Ɗalibin da ya tashi zaɓen manhajar wannan kiɗa yakan ruɗe, domin wasu na zuwa da ɗaruruwan sautuka shiryayyu, sai dai a danna kawai. Haƙiƙa waɗannan suna faranta rai a ranar farko, amma ba sa koyar da kome. Manhajar da ta dace ita ce wadda ke taƙaita muryoyi, ta tilasta wa yaro gina sautinsa tun daga tushe. Ai goge tsirkiya ɗaya gare shi, gwaninta tana ga hannun mai gogawa.

Dalilin wannan ra'ayi na kimiyya ne. Sauti kaɗawar iska ne, kuma kunnen matashi lafiyayye yana jin kaɗawa daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Yaron da ya saita murya a kan 440, sa'an nan ya ninka ta zuwa 880, zai ji amon nan dai ya dawo, sai dai ya ƙara siranta. Abin da malami ya sha zanawa a allo, ga shi ya shiga kunne.

Akwai misalai biyu. Nanoloop, wadda Bajamushe Oliver Wittchow ya fara ƙirƙira wa Game Boy, tana jera sautuka cikin 'yan akwatuna, don haka ta fi sauƙi ga mai koyo. SunVox ta Alexander Zolotov, mutumin Rasha, ta fi zurfi, domin makaɗi ne ke ƙulla sassan sauti da juna kamar mai haɗa wayoyin lantarki.

Wani zai ce ƙuntatawa na kashe sha'awar yaro. Gaskiya ne makon farko da wuya, saboda haka a fara da mai sauƙin, a bar mai zurfin sai hannu ya faɗa. Kafin a kashe kuɗi kuma, malami ya tabbatar manhajar tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma bari a fitar da waƙar a ajiye a wani wuri. In ba haka ba, ranar da na'urar ta lalace, aikin zango guda ya bi ruwa.