Mugun da aka auna ƙarfinsa ya daina ba da tsoro

A shekarar 1976 kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Eldritch Wizardry, ƙari a kan dokokin wasan Dungeons & Dragons. A ciki aka ambaci kayan tsafi guda biyu: busasshen hannu da ƙwayar ido, ragowar jikin wani matsafi, Vecna, wanda ya ƙi mutuwa. Mai son ƙarfin hannun sai ya datse nasa ya dasa wannan a gurbinsa. Mai son idon kuwa sai ya ƙwaƙule nasa. Shi kansa Vecna 'yan layuka kawai aka ba shi, ba a faɗi kamanninsa ko iyakar ƙarfinsa ba, kuma wannan rowar bayani ita ce ta sa sunansa ya zauna a zukatan 'yan wasa.

Ga wanda bai san wasan ba, ba na kwamfuta ba ne. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a 1974. Mutane huɗu ko biyar ke kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda: mayaƙi, ɓarawo, boka. Idan jarumi ya kai sara ko ya yi yunƙurin tsallake rami, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wata mai fuska 20, ita za ta raba gardama. A ƙarshen yawancin labaran akwai wani tsohon mugu da aka ɗaure ko aka binne tun kafin a kafa garuruwa, yana jiran wawan da zai buɗe masa ƙofa.

Tsofaffin bugun dokokin sun iya riƙe irin wannan mugu. A littafin jagora na 1979, inda aka zo kan kayan tsafi irin hannun Vecna, an bar layuka fayau domin kowane jagora ya cike da kansa irin ƙarfin da kayan ke bayarwa da irin masifar da suke jawowa. Ɗan wasan da ya sayi littafin ya haddace shi tsaf bai tsira ba, don amsar tana cikin kan jagoransa. A labarin wasa na Tomb of Horrors na 1978 kuwa, wanda ke gudana a cikin wani kabari, 'yan wasa na isa ƙarshen wani lungu su tarar da koriyar fuskar shaiɗan a bango, baki wangame, cikinsa baƙi ƙirin. Jarumin da ya cusa kansa ciki ya tafi ke nan, ko gawa ba za a samu ba. Mai kabarin, Acererak, idan an kai gare shi, ƙoƙon kai ne kawai da duwatsu masu daraja a gurbin idanu da haƙora, kwance cikin ƙura. Wanda ya girma yana jin tatsuniya ya san dabarar: kaka ba ta taɓa faɗin tsawon Dodo ba, muryarsa kawai take kwaikwayo, yara su ƙarasa sauran da kansu.

Daga baya aka shiga cike guraben. A 1990 aka yi wa Vecna labari nasa na kansa, a 2000 aka ƙara wani. Jerin fim ɗin Stranger Things ya ari sunansa a 2022, kuma a shekarar ce kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR tun 1997, ya wallafa cikakken lissafinsa: ƙarfin jiki kaza, tsafi kaza, mataki na 26 a ma'aunin haɗari. A 2024 aka fitar da Vecna: Eve of Ruin, inda ake kai jarumai har mataki na 20 su yi gaba da gaba da shi. Da zarar an rubuta adadin saran da mugu zai iya sha, 'yan wasa sun daina tambayar ko za su kuɓuta, sun koma lissafin zagaye nawa zai ɗauka kafin ya faɗi.

Masu kewar zamanin da ma kada su cika baki. Shi wannan littafi na 1976 ne ya ba manyan shaiɗanu Orcus da Demogorgon lambobi, sannan Deities & Demigods na 1980 ya yi wa gumakan Girkawa da na Masarawa haka, har wasu 'yan wasa suka mayar da shi jerin namun farauta. Tsofaffin dokokin kuma a hargitse suke, bugu na biyar da ya fito a 2014 ya fi su sauƙin koyo nesa ba kusa ba. Ko TSR ɗin ma ciniki ya sa a gaba: da iyaye da wasu malaman coci a Amurka suka tayar da ƙura cewa wasan na koyar da bautar shaiɗan, sai bugu na biyu a 1989 ya cire shaiɗanun, daga baya ya dawo da su da sababbin sunaye. Kamfani da sayar da littafi yake ci, kuma ba a sayar da shafin da ba a rubuta komai ba.

Duk da haka, akwai dalilin da ya sa tun daga OSRIC a 2006 har zuwa Old-School Essentials mutane ke ta sake buga tsofaffin dokoki da sabon tsari, wasu kuma na saye. Suna neman wasan da gudu ba abin kunya ba ne a cikinsa, inda buɗe ƙofar da aka liƙe da darma ke iya zama kuskure na ƙarshe. Wasan Call of Cthulhu na 1981 ya kai abin ƙarshe, domin a can duk abin da jarumi ya ƙara sani game da tsofaffin halittun wasan, hankalinsa ne ke raguwa.

Jagoran da ke da sabon bugu a hannu ba sai ya jefar da shi ba. Ya yi amfani da dokokinsa masu sauƙi, amma idan aka zo kan Vecna ya rufe shafin lissafin, ya ajiye wa 'yan wasansa busasshen hannun a kan tebur, ya ga wanda zai yarda ya miƙa nasa a datse.