BIN SAWU A KWAMFUTA, BIN SAWU A DAJI



Da na je gida Bauci ganin dangi, sai na tarar da ɗan wana a wani ɗaki kusa da Ƙofar Wunti, ya ƙura wa kwamfuta ido, abokansa sun kewaye shi ana ta ihu. Wai wani wasa ne mai ban tsoro da ake kira Dead by Daylight, wanda kamfanin Behaviour Interactive na birnin Mantiriyal a ƙasar Kanada ya fito da shi a 2016. Mutum biyar ne ke haɗuwa ta intanet: ɗaya shi ne dodo mai farauta, huɗu kuma suna ƙoƙarin gyara janareto 5 don ƙofa ta buɗe su tsira. Na shiga da niyyar faɗa, amma da na zauna na duba, sai na ga ashe bin sawu yaron nan yake koyo.

To, ga dabarun da na fahimta. Na farko, duk wanda ya ruga a guje yakan bar jajayen alamu a ƙasa da jikin bango, dodo kaɗai ke ganinsu, kuma nan da nan suke dushewa. Saboda haka kada a bi wadda ta kusa ɓacewa, a nemi mai haske, ita ce sabuwa. Na biyu, wanda aka yi wa rauni yana zubar da jini yana nishi, ko da ya daina gudu. Idan alamu suka yanke, sai a dubi ƙasa, a kasa kunne, don bai yi nisa ba. Na uku, hankaki sukan tashi idan mutum ya gitta kusa da su. Na huɗu, janareton da aka kuskure wajen gyara yakan yi ƙara ya tona asirin mai gyaransa. Na biyar kuwa, kada a nace wa mutum guda har sauran ukun su gama aiki. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu don Allah, wanne ne a ciki baƙo ga mutumin Bauci? Ai garin ma, in ji masu tarihi, sunan wani maharbi ya ci, wato Baushe, wanda ya nuna wa Malam Yakubu inda zai kafa birninsa. A dajin Yankari kuwa, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, da irin wannan sani masu gadi suke gane inda giwa da ɓauna suka bi zuwa kogin Gaji: sabon sawu bakinsa da kaifi, ɗanyen kashi da ɗumi, tsuntsu kuma ba ya tashi a banza.

Ra'ayina shi ne mu daina tsayawa ga tsawa kawai. Na san wasu za su ce wasan ɓata lokaci ne, kuma akwai zubar da jini a ciki. Gaskiya ne, masu tantance wasanni a Turai ma sun ce na 'yan shekara 18 ne, don haka a hana ƙanana, a kuma sa wa manya ƙa'ida, kada ya ci sallah ko karatu. Amma saurayin da aka haifa a Agege ko Sabon Badun, wanda bai taɓa ganin sawun gwanki ba, ga shi Bature ya sayar masa da abin da kakansa ya sani kyauta. Wannan ƙofa ce, mu shiga ta nan.

Idan hutu ya zo, ku kai su gida. Ku zaunar da su gaban tsofaffin maharba tun suna raye, ku kai su Yankari su ga sawun giwa da idonsu, su yi wanka a Wikki. Gani ya kori ji. In kuwa muka yi sakaci, tsofaffin za su tafi da saninsu, 'ya'yanmu su iya bin sawun dodo amma su ɓace wa hanyar gida.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.